Rijiya Ɗaya, Allo Uku: Wa Zai Bi Mana Sawun Kuɗin Raya Arewa Maso Yamma?

Wannan makon ni aka ɗora wa nauyin maƙalar mako, kuma na san wasu za su ce me ya haɗa zauren adabi da lissafin kuɗin gwamnati. Ku ɗan yi mini haƙuri, za mu je wurin.

A ƙauyen kakannina na wajen uwa akwai wata rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, da tankinta a saman ƙarfe. Sau ɗaya aka haƙa ta, kowa a garin shaida ne, domin yara sun kwana uku suna kallon motar haƙa. Ranar da aka buɗe ta an kafa allo a gefenta mai ɗauke da sunan wani ɗan majalisa, wai aikin mazaɓa ne. Da famfon ya lalace, mutanen gari ne suka yi karo-karo suka gyara. Bayan kamar shekara biyu sai ga wasu sun zo sun shafa wa tankin fenti, suka kafa allo na biyu da sunan wata hukumar jiha. A jikin allon an rubuta ginawa ne aka yi, ba a ce gyara ba. Da na koma bikin wata ƙanwata sai na tarar da allo na uku, na ƙaramar hukuma. Na tambayi kawuna, ya yi dariya ya ce: “Ɗana, ai mu ruwa muke sha, ba allo ba.”

Ban ce an biya kuɗin rijiyar nan sau uku ba, domin ban ga takarda ba. Abin da ya hana ni barci shi ne ko da an biya sau uku, babu wani jami'i a ƙasar nan da aikinsa zai kai shi ga ganowa. Mai binciken kuɗi na tarayya zai buɗe fayil ya ga kwangila, ya ga takardar biya, ya ga hoton rijiya, ya sa hannu. Na jiha zai ga irin wannan a nasa fayil ɗin. Na ƙananan hukumomi ma haka. Kowane littafi tsaf yake idan aka duba shi shi kaɗai. Ɓarnar tana tsakanin littattafan ne, kuma ba a ɗora wa kowa gadin wannan tsakanin ba.

Wannan rijiya ita ta faɗo mini a rai lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kafa Hukumar Raya Arewa Maso Yamma a watan Yulin 2024, hukumar da za ta kula da jihohin Jigawa, Kaduna, Kano, Katsina, Kebbi, Sakkwato da Zamfara, da hedikwatarta a Kano. An yi murna, kuma murnar tana da dalili. Yankin da 'yan bindiga suka raba manoma da gonakinsu, makarantu suka koma kufai, dole ya yi maraba da duk wani asusu da aka ware dominsa. Amma ni ra'ayina shi ne: idan ba a shimfiɗa hanyar bin sawun kuɗin nan tun yanzu da hukumar take jaririya ba, abin da za mu samu shi ne allo na huɗu a jikin rijiyar kakannina.

Gemun ɗan uwa ya riga ya kama da wuta

Ba hasashe nake yi ba, an taɓa yin wannan tafiyar a gabanmu. A shekarar 2000 gwamnatin Obasanjo ta kafa Hukumar Raya Yankin Neja Delta, wato NDDC, don jihohi tara masu arzikin mai, bayan wadda ta gabace ta, OMPADEC ta 1992, ta mutu ba tare da ta cika alkawari ba. Ba a bar NDDC da yunwa ba. Bayan kason da gwamnatin tarayya ke ba ta, doka ta wajabta wa kamfanonin mai su zuba mata kashi uku cikin ɗari na kasafinsu na shekara.

Sai a 2019, bayan kusan shekara ashirin ana zuba kuɗi, Shugaba Buhari ya ba da umarnin a yi wa hukumar binciken ƙwaƙwaf tun daga 2001. A tsakiyar wannan dambarwa ne, a watan Yulin 2020, muƙaddashin shugaban hukumar ya sulale a kan kujerarsa a gaban kwamitin Majalisar Wakilai ana cikin yi masa tambayoyi, duk ƙasa tana kallo a talabijin. Muka yi ta raha da abin a Facebook. A watan Satumban 2021 aka miƙa rahoton binciken ga Ministan Shari'a na lokacin, Abubakar Malami. Abin da gwamnati da kanta ta faɗa a ranar shi ne: kimanin naira tiriliyan shida ne suka shiga hannun hukumar, an samu ayyuka 13,777 da aka yi wa riƙon sakainar kashi, kuma hukumar tana da asusun banki 362.

Ku tsaya a kan wannan adadi na ƙarshe. Uwar adashi mai asusu biyu ma sai 'yan zubi sun fara kallonta a kaikaice. Hukuma guda da asusu 362 ba ta buƙatar wani gwanin ɓarawo, ruɗanin kaɗai ya isa ya haɗiye kuɗi. Sannan shekaru suka shuɗe ba a wallafa cikakken rahoton ga jama'ar da aka yi binciken da sunansu ba. Mutumin Bayelsa da aka karɓi kuɗin titin garinsu bai ga shafin da aka ambaci garin ba.

Darasin a nan guda ne. Binciken da aka yi bayan shekara goma sha tara ihu ne bayan hari. Ɗan kwangila ya canja sunan kamfani, daraktan da ya sa hannu ya yi ritaya, takardu ruwa ya ci wasu, gara ta ci wasu. Mu a Arewa muna da Hukumar Raya Arewa Maso Gabas da aka kafa da dokar 2017, ga ta Arewa Maso Yamma ta biyo baya, har an kafa ma'aikatar raya yankuna sukutum a 2024 don ta kula da irin waɗannan hukumomi. Idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, an san abin da ake shafa wa naka.

Masu gadi uku, kowa da iyakarsa

Bari mu duba yadda aka tsara gadin, domin marubucin da zai yi magana a kan kuɗin jama'a ya kamata ya san ƙofofin da suke bi.

Duk wata ana raba abin da ya taru a asusun tarayya a Abuja. Bayan an cire kashi 13 cikin ɗari na kuɗin ma'adinai ga jihohin da ake haƙowa, tarayya tana ɗaukar kashi 52.68, jihohi 36 su raba kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba kashi 20.60. Daga nan kowane kaso ya kama hanyarsa, kowane kuma da mai bincikensa.

Na farko shi ne Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya, wanda sashe na 85 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kafa ofishinsa. Kundin ya ba shi kwana casa'in daga ranar da Akanta Janar ya miƙa masa lissafin shekara ya kai rahotonsa Majalisa. A aikace rahoton yakan fito bayan shekara biyu ko uku, lokacin da kasafin da ake magana a kansa ya zama tarihi. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba kuma shi ne, wannan sashe bai ba shi ikon binciken asusun hukumomin da doka ta kafa kai tsaye ba, irin su waɗannan hukumomin raya yankuna. Abin da zai yi shi ne ya ba su jerin sunayen kamfanonin bincike su zaɓi wanda suke so, ya yi sharhi a kan abin da aka kawo masa, sannan ya riƙa leƙawa lokaci zuwa lokaci. Wato wanda za a bincika shi ke zaɓar mai bincikensa, shi ke biyansa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ƙari a kan haka, dokar da ofishin ya daɗe yana dogaro da ita ta 1956 ce, tun zamanin Turawa. Majalisa ta takwas ta amince da sabon ƙuduri, bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba.

Na biyu shi ne mai binciken kuɗi na jiha, ƙarƙashin sashe na 125. Gwamna ne ke naɗa shi da amincewar majalisar jiha, kuma ga majalisar zai kai rahotonsa. Duk wanda ya san yadda majalisun jihohinmu suke da gidan gwamnati ya san inda rahoton zai kwana.

Na uku shi ne mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi. Sunan yana ruɗar mutane, su ɗauka na ƙananan hukumomin ne. Ma'aikacin jiha ne, dokar jiha ce ta kafa shi, gwamnatin jiha ke naɗa shi. A nan ne gizo ke saƙa. Sashe na 162 ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, inda kason ƙananan hukumomi ke fara sauka kafin ya isa gare su. Shekara da shekaru shugabannin ƙananan hukumomi suna kukan cewa abin da ke isa gare su da ƙyar yake biyan albashi, saura an yanke da sunan ayyukan haɗin gwiwa. To idan jiha ce ta yanke, wa zai rubuta cewa ta yanke? Ma'aikacin da ita ta naɗa?

Kan waɗannan uku akwai wata hanya ta huɗu da ke ratsa su duka, wato ayyukan mazaɓu na 'yan Majalisar Tarayya, da aka daɗe ana ware musu naira biliyan ɗari a shekara. Kuɗin tarayya ne, aikin kuma irin na ƙaramar hukuma ne: rijiya, ajujuwa biyu, fitilun titi, rabon keken ɗinki. Sau da yawa ana cusa aikin a kasafin wata hukumar da ba ta da alaƙa da shi kuma ba ta da ko ofis a jihar. Shugaban ƙaramar hukuma bai san da zuwansa ba, ma'aikatar jiha ba ta da shi a lissafinta. Da hukumar ICPC ta fara bin sawun waɗannan ayyuka a 2019, ta yi ta tilasta wa 'yan kwangila komawa bakin aikin da aka biya su suka gudu, ta kuma ƙwato kayan da aka saya da sunan jama'a aka jibge a gidajen mutane.

Yanzu ku ɗora hukumar raya yanki a saman wannan duka. Ita ma rijiya za ta haƙa, aji za ta gina, asibitin sha-ka-tafi za ta gyara, a garuruwan da tarayya da jiha da ƙaramar hukuma da ɗan majalisa duk suke da'awar suna yin irin wannan aiki.

Hukuncin Kotun Ƙoli bai rufe zancen ba

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi. Na yi murna da hukuncin, har yanzu ina ganin daidai ne, duk da jan ƙafar da aka yi ta yi wajen aiwatar da shi. Amma mu faɗa wa juna gaskiya. Sauya hannun da ke karɓar kuɗi bai sauya komai ba idan har yanzu babu mai tambayar inda suka tafi. Jihar Kano kaɗai tana da ƙananan hukumomi 44, Katsina 34. Idan kowane ciyaman ya karɓi kasonsa a hannu ba tare da ya liƙa lissafi a bangon sakatariya ba, tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Cin gashin kai da bayyana lissafi tagwaye ne. Wanda ya nemi na farko ya ƙi na biyu, mun gane abin da yake nema.

Kada kuma wani ya ce mana abin ba zai yiwu ba, wai babu ƙwararru ko babu kayan aiki. Daga 2018 Bankin Duniya ya kawo wani shiri mai suna SFTAS, wanda ya fara da dala miliyan 750, inda aka ce duk jihar da ta wallafa kasafinta da lissafin kuɗinta da aka bincika a kan lokaci za a ba ta tukwici. Jihohin da suka shafe shekaru ba a ga lissafinsu ba sai ga su suna rige-rigen ɗora shi a intanet kafin wa'adi. Ashe akantocin suna nan, kwamfutocin suna nan. Abin da babu a da shi ne dalilin da zai sa a yi. Abin takaici ne a ce sai baƙo ya ɗaga dala sannan gwamnatinmu za ta nuna mana lissafin kuɗinmu, amma dai mun ga iyawa akwai.

Abin da masu ja za su ce

Na san amsoshin da za a ba ni, domin na sha jin su a majalisar shayi.

Wani zai ce 'yan Kudu sun shekara ashirin suna cin nasu, yanzu da namu ya zo sai mu fara tonon silili? Tambayata ita ce su wa suka ci? Masuncin da ɗanyen mai ya kashe masa kifi bai ci ba. Idan aka maimaita a nan, manomin Zurmi ko na Batsari da ke kwana a makarantar firamare da iyalinsa ba zai ci ba. Kalmar “namu” ita ce bargon da ake lulluɓe sata da shi a ƙasar nan. Ɗan yankinku da ya cinye kuɗin asibitin garinku ya fi baƙo cutar da ku, domin ya san matan da za su mutu a hanya.

Wani zai ce muna cikin halin gaggawa, bincike yana jinkirta aiki. Wannan yana da ƙamshin gaskiya, kuma ban yarda a riƙe abincin 'yan gudun hijira sai an cike takardu goma ba. Amma abin da nake nema ba ya tsayar da mota ko ɗaya. A kai buhunan yau, gobe a rubuta nawa aka kai, ina aka kai, wa ya karɓa. Gaggawa ma ita ta fi buƙatar ido, domin a lokacinta ne ake ba da kwangila ba tare da gasa ba.

Wani kuma zai ce kuɗin gwamnati ne, ina ruwanka. Wannan ita ce cutar da ta fi daɗewa a jikinmu. Kakanninmu da suka biya haraji da jangali a Baitulmalin En'e ba su taɓa ɗaukar kuɗin hukuma a matsayin marar mai shi ba, domin sun san akuyar da suka sayar suka biya, kuma suna adana rasit a cikin layar hula. Soke harajin da gwamnatocin PRP suka yi a Kano da Kaduna a 1979 ya sauke wa talaka nauyi, kuma an gode. Sai dai bayan kuɗin mai sun mamaye komai, mun koma kallon kason wata-wata kamar ruwan sama. Alhali muna biya har yanzu. Akwai harajin VAT na kashi bakwai da rabi a kan kaya da hidimomi da yawa da muke saya. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, abin da gwamnatoci ke rabawa duk wata ya ƙaru sosai, kuma daga aljihun ɗan acaɓa da mai injin niƙa ƙarin ya fito. Wanda ya sayi litar mai a farashin yau ya riga ya biya kuɗin yin tambaya.

Abin da ya kamata mu nema

Ba na son in yi ta kuka ba tare da na faɗi magani ba. Abubuwa huɗu nake ganin ya kamata 'yan majalisarmu, sarakunanmu, malamanmu da ƙungiyoyinmu su tsaya a kai.

Na ɗaya, rajista guda ta ayyuka a kowace ƙaramar hukuma. Duk wanda zai yi aiki a garin, tarayya ce, jiha ce, ɗan majalisa ne ko hukumar raya yanki, sai ya shigar da shi: wane aiki, a wace unguwa, sabo ne ko gyara, nawa ne, wane kamfani, yaushe za a gama. A ba kowace rijiya da kowane aji lamba ɗaya da ba ta canjawa. Da wannan kaɗai, allo na biyu ba zai kafu a jikin rijiyar kakannina da sunan sabon gini ba.

Na biyu, hukumar ta wallafa lissafinta da aka bincika duk shekara, cikin wata shida da ƙarewar shekarar, kuma Majalisa ta ƙi amincewa da sabon kasafinta sai ta ga na bara.

Na uku, masu binciken matakan uku su zauna tare aƙalla sau ɗaya a shekara su gwama littattafansu a kan ayyukan da aka yi a wuri guda, kuma su taka da ƙafarsu su je su gani. Hoto ba shaida ba ne, duk mai waya ya san haka.

Na huɗu, a yi duk wannan da Hausa, a liƙa a sakatariya da ƙofar dagaci, a karanta a rediyo. Kwamitin masallacin unguwarmu yana karanta abin da aka tara da abin da aka kashe, har kuɗin tabarma. Ƙungiyar 'yan kasuwa ba ta sake zaɓar ma'ajin da bai karanta lissafi ba. Al'adar tana hannunmu, a wajen gwamnati ne kawai muke jin kunyar amfani da ita.

Namu kason, mu masu alƙalami

Yanzu na dawo kan tambayar farko, me ya haɗa wannan da zauren marubuta. Rahoton mai binciken kuɗi littafi ne mai ɗaruruwan shafuka, da Turancin akantoci. Ko an ɗora shi a intanet, kawuna ba zai karanta ba, kuma shi ne kaɗai ya san sau nawa aka haƙa rijiyar. Mai takarda bai san gari ba, mai gari bai san takarda ba. Marubucin Hausa shi ne mutumin da zai iya tsayawa a tsakiya.

Mun iya siffanta falon Alhaji har da launin labule. Mun iya sa mai karatu ya yi kuka saboda kishiya. Ban raina wannan ba, ni ma da shi na fara. Amma wannan baiwar ita ce ake buƙata don a mayar da layi ɗaya na rahoto, misali an biya kuɗin ajujuwa uku ba a gina ba, ya zama yara sittin a gindin darbejiya da malamin da ke kallon hadari.

Ga abin da nake ba da shawara, kuma ba ya buƙatar ko sisi ban da kuɗin data. Kowannenmu ya nemo kasafin jiharsu ko jerin ayyukan mazaɓarsu, ya zaɓi aiki ɗaya tak da aka ce an yi a garinsu, ya je ya gani da idonsa. Ƙungiyar BudgIT tana da wani shiri mai suna Tracka da ke tattara irin waɗannan jerin. Idan hukumar tarayya ce ke da aikin, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta mata takarda, ba sai ya faɗi dalili ba, kuma ta ba ta kwana bakwai ta amsa. Wasu za su amsa, da yawa za su yi shiru. Shirun ma abin rubutawa ne, in dai ka adana kwafin takardarka mai hatimin karɓa.

Sai dai ina jan kunnenmu. Tambayar da mai bincike ya yi ba hukuncin kotu ba ce. Idan rahoto ya ce an karɓi kuɗi ba a kawo rasit ba, ko an biya ba tare da takardar biya ba, ko an cire haraji ba a miƙa ba, to haka za ka rubuta, kada ka ƙara gishiri ka ce an sace. Wani lokaci sakaci ne, wani lokaci takardar tana nan ba a kai ta ba. Ka nemi jin ta bakin wanda abin ya shafa kafin ka wallafa. Ka rubuta abin da ka gani, ranar da ka gani, da shafin da ka karanta. Idan ka tarar an yi aikin kuma ya yi kyau, ka faɗa da ƙarfin muryar da za ka faɗi akasinsa, domin akwai ma'aikata masu amana da ba wanda ke ambatonsu. Kada kuma ka bari ɗan siyasar da ke adawa da ciyaman ya saya maka data, domin daga ranar ka zama ɗan kwangila kai ma. Wanda yake yankin da babu tsaro, ya fara kula da ransa, rubutu yana jira.

Ni na yi wa kaina alkawari, idan na koma ƙauye da sallah zan kwafo abin da ke jikin allunan nan uku, in nemi kasafin shekarun, in kawo muku abin da na samu a wannan zaure, ko da abin da na samu ya nuna zargina ba shi da tushe. Wanda zai yi irin haka a garinsu ya faɗa, mu haɗa su wuri ɗaya mu ga abin da za su nuna mana.

Allah Ya sa mu dace, Ya kawo mana zaman lafiya a yankinmu da ƙasa baki ɗaya.